Zif ɗin rigar ruwan Lawali

Tun da na dawo daga Kwatano ban ɗinka ko ɗankwali cikin natsuwa ba. Mace za ta shigo da atamfa a hannu kamar ɗinki ta kawo, ta zauna a kan benci, can sai ta ce, "To Hadiza, wai da gaske teku ba shi da ƙarshe?" Na ba da labarin nan har muryata ta dushe, kuma kowacce in ta fita sai ta yi masa ƙafa da hannu. Shekaranjiya a bakin rijiya na ji wai kifi ne ya haɗiye ƙanena na zaro shi. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba, ni kuma in koma kan kekena.

Ga waɗanda ba su san mu ba, ni tela ce a Dungas, kuma duk garin nan in zif ya lalace, na jaka ne ko na siket ko na wandon ɗan lakwal mai zuwa boko, gidana ake kawowa. Ba yabon kai ba ne, haka abin yake. Lawali ƙanena ne, autan Inna. Tun yana ƙarami shi ake zurawa a rijiya in guga ya faɗa, da damina kuwa in an neme shi an rasa, to a tafki za a same shi. Ya tafi Kwatano dakon albasa, sai muka ji ya bar albasa ya koma aikin nutso, wato shiga ƙarƙashin jiragen kamun kifi yana yanke ragar da ta naɗe musu farfela. Ranar da Inna ta ga hotonsa a salula cikin wata baƙar rigar roba da ta kama shi tun daga wuya har idon sawu, ba ta ci tuwo ba. Da aka gama girbi ta kira ni ta ce in je in taho mata da ɗanta. Ba cewa ta yi in je in dubo shi ba, cewa ta yi in taho da shi.

Ni kuwa murna kamar in yi tsalle, don ban taɓa wuce Damagaram ba. Inna ta cika mini buhu da gero da daddawa da busasshiyar kuɓewa da tsamiya, wai ɗanta ya ci abincin mutane kafin ya iso. Na hau bayan kabu-kabu zuwa Magariya, ni da buhun, muka faɗi sau biyu a cikin rairayi. Mai babur ya ce laifin buhuna ne, na ce laifin gajerun ƙafafunsa ne, muka ƙarasa ba mu daidaita ba.

A Magariya na shiga ƙaramar mota. Da muka zo Bande aka ɗora awaki uku a sama, wata mace mai jiki kuma ta shigo ta zauna rabi a kujera rabi a cinyata. Ba mu yi nisa ba akuya ɗaya ta saki fitsari, ya biyo taga ya sauka a kan sabon mayafina, wanda na saya musamman don wannan tafiya. Matar ta ce albarka ce. Na ce in albarka ce mu yi musayar wuri mana. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, kuma daga nan muka zama ƙawaye. Hajiya Mariyama sunanta, ƴar Bande ce, Kwatano za ta ita ma sarin atamfa, ta san hanyar kamar tsakar gidanta.

Daga Damagaram babbar mota ce, yini da kwana, Maraɗi, Doso, har Gaya. Ƙafafuna suka kumbura, amma ban yarda na yi barci sosai ba, kada a wuce wani abu ban gani ba. A Gaya gadar kan iyaka a rufe take lokacin, sai dai a ƙetare kogi da kwale-kwale. Kafin nan aka ce kowa ya fito da katin shaida da na rigakafi. Nawa fa, saboda tsoron ɓarayi, na ɗinke su a cikin lalitata tun a gida, ɗinki biyu, da zare mai ƙarfi. Sai ga ni a gefe da reza ina farke aikin hannuna, layi na jira, Hajiya na gaya wa kowa cewa wannan tela ce, ba ta yin aikin ha'inci ko a kan kanta. Shi kansa jami'in sai da ya murmusa.

Kwale-kwalen kuwa, Allah Ya sani, na yi salati iya wanda na sani. Na riƙe damtsen Hajiya har sai da yatsuna suka fito a jikinta. Amma da muka kai tsakiya na buɗe ido na ga ruwa dama da hagu, sai na ji wani daɗi ya kama ni, har na tsoma yatsa a ciki. Muka kwana a wata rumfa a tashar Malanbil, mata gefe guda a kan tabarmi, sauro na ta aikinsa. Washegari a Faraku na ci sakwara da miyar gyaɗa da wani jan cuku na Fulanin can, na ƙara, Hajiya ta ce in rage wa cikina wuri don kudu na gaba.

Kudu kuwa ta ba ni mamaki. Mace ce za ta wuce a kan babur, goyo a baya, daro a ka, ba wanda ya ɗaga kai ya dube ta. A Dungas da an yi wata ana zancenta. Maza kuma su ɗinka riga da wando na atamfa, irin ta jikin matansu sak, su jero tare. Na yi ta leƙen ɗinkin ta taga, kuma gaskiya telolinsu sun iya wuya, hannu ne ba su iya ba.

Lawali ya tarbe ni a tasha. Ya bar gida siriri, na same shi da kafaɗu. Ya ce, "Yaya, ke ce da kanki?" Sai na ji hawaye, na ce ya ɗauki buhu ya daina kallona. Ɗaki ɗaya yake haya a wani gida kusa da bakin ruwa, ya bar mini shi ya koma kwana wurin abokinsa. Maƙwabciyarsa wata dattijuwa ce mai bandar kifi, ana ce mata Maman Afi. Ba ta jin Hausa, ba na jin yarensu, amma ranar farko ta aiko mini da akasa, wani farin tuwon gasara a naɗe cikin ganye, da miya mai ƙaguwa kwance a ciki da ƙafafunta duka. Na ci tuwon, na mayar da ƙaguwar da godiya.

Da yamma ya kai ni na ga teku. Ku da kuke tambaya, e, ba shi da ƙarshe, kuma ba ya yin shiru ko na ƙiftawar ido. Na tsaya ina dariya ni kaɗai kamar wawiya, ruwa ya zo ya ja mini takalmi ɗaya na bi shi da gudu. Na ɗanɗana, na tofar. Ruwa har inda ido ya tsaya, ba mai iya shan ko kurɓi. Ruwan sha kuwa saye ake yi a famfon unguwa, bido-bido, wato jarka-jarka. Ni da na girma ina jan guga har hannuna ya yi kanta, wannan abu ya tsaya mini a rai.

Kwana uku da zuwana na isar da saƙon Inna. Lawali ya saurara har na gama, sannan ya gaya mini nasa. Shekara biyu yana aikin nan na yini-yini, yau a kira shi gobe a manta da shi. Amma wani kamfani mai gyaran jirage zai gwada masu nutso ranar wata Litinin, ƙarfe tara na safe, wanda aka ɗauka ya sami aiki tsayayye da takarda. Sharaɗin shi ne kowa ya zo da kayansa cikakku. Ya ce in ba su ɗauke shi ba zai bi ni gida ya kama noma, don shi ma ya gaji. In sun ɗauke shi kuwa, in ba Inna haƙuri. Muka tsaya a haka.

Yanzu ga inda na yi ɓarna. Rigar nan ita kaɗai gare shi, gwanjo ya saye ta, zif ɗinta a baya yake, da doguwar igiya da mutum ke ja da kansa. Kullum ya dawo aiki sai ya miƙo mini ita, tunda na karɓe wanki, ya ce in ɗauraye da rabin bido na ruwan famfo, in bar zif a buɗe, in shanya a inuwa. Na ce to. Amma ku mata ku gaya mini: rigar da ta yini a cikin ruwa, ba datti ba maiƙo, a ɗauko ruwan sha na saye a zuba mata? Hannuna ya ƙi. Sai in girgiza ta in baza a kan kwanon rufi cikin rana ta bushe ƙayau, ruwan kuma in yi girki da shi, ina jin kaina mai dabara. Da ya rage kwana goma gwajin, jirgin da yake yi wa aiki ya tafi, ya sami hutu. Na ja zif ɗin har sama kamar yadda muke yi wa kowace riga, na ninke ta tsaf, na sa a leda, na ajiye a ƙasan akwati.

Kwana goman nan mun sha yawo. Ya kai ni babbar kasuwa na ɓace sau biyu, na sha ruwan kwakwa daga cikin kwakwar, na ga abarba a gonarta, ashe a ƙasa take fitowa. Ban ƙara tuna rigar ba.

Ranar Litinin bayan sallar asuba Lawali ya zo ya buɗe akwati. Ya kama igiyar zif ya ja, bai motsa ba. Ya taka rigar da ƙafa ya ja da ƙarfi, igiyar ta tsinke. Na karɓa na duba. Haƙoran na roba ne, lafiyarsu lau, amma kan zif ɗin na ƙarfe ne, kuma wani farin abu ya toshe shi ciki da waje, ya daskare kamar kanwa. Riga a rufe, ba ta inda mutum zai shiga. Aro kuma babu, duk masu irinta gwajin nan za su. Ya ɗauko filaya ya dafe kan zai murɗa, na buge masa hannu, don na san in kan zif ya karye to magana ta ƙare.

Ya ajiye filayar a hankali. "Yaya, kin ɗauraye ta kuwa?"

Na ce ban ɗauraye ba, ko sau ɗaya.

Ya ce, "Inna ce ta ce ki yi haka?"

Wallahi da marina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na rantse masa ruwa ne kawai na yi wa rowa. Ya je ya zauna a bakin ƙofa ya sa kai a gwiwa. Kuma tunda na yi niyyar faɗin gaskiya, bari in faɗa duka: wani abu a zuciyata ya ce mini ki zauna kawai, ƙarfe tara za ta yi da kanta, jibi kina mota da ƙanenki a gefe, Inna ta sa miki albarka. Na ji daɗin tunanin. Sai na dubi ƙeyarsa, na ga in ya bi ni a haka, har mu tsufa ba zai ƙara kallona da idon da ba. Na ɗaure zani na ɗauko jakar aikina.

Na goga kyandir, banza, don kan ba ya motsi balle ya ɗauka. Na fito da ƴar kwalbar man keke, kafin in ɗiga sai na ji an fizge ta. Maman Afi ce. Ta kaɗa mini yatsa, ta tsunkuli robar rigar, ta yi ta zuba yare. Lawali ya fassara daga inda yake zaune, murya ƙasa-ƙasa: mijinta mai nutso ne har ya rasu, ta ce mai na cin roba, gishiri kuma ruwa ne maganinsa. Ta kawo daro, ta sirka ruwan zafi daga murhunta, ta gwada da gwiwar hannu kamar za a yi wa jariri wanka, muka nutsa wuyan rigar a ciki. Muka jira, ni ina kallon daro, Lawali na kallon salula. Da muka ɗago farin ya ɗan yi laushi a waje, amma kan na nan daram. Maman Afi ta nuna rana, ta zagaya da hannu, wato sai ya kwana a jiƙe. Lokacin bakwai ta wuce.

Na kankaro kaɗan da allura na sa a harshe. Gishiri ne, amma da wani ɗaci-ɗaci irin na kanwa. Sai tunanina ya tafi madafa. In miyar yakuwa ta yi tsami, kanwa muke jefawa ta kashe shi. To in kanwa na kashe tsami, ai tsami ma zai ci kanwa. Na shiga ɗaki da gudu na zazzage buhun Inna, na ɗebo tsamiya, na jiƙa da ruwan ɗumi na dama da kauri, na tace da gefen ɗankwalina. Na ɗiga a kan zif ɗin. Muka sunkuya mu uku, don Lawali ya taso. Sai ga wasu ƴan ƙananan kumfa suna fitowa daga cikin ƙarfen.

Daga nan aikina ne, kuma na san shi. Na sa buroshin haƙoran Lawali na goge, na bi ramukan kan da allura ɗaya bayan ɗaya ina zaro farin abin, na ƙwanƙwasa da bayan cokali a hankali, na ɗauraye da ruwan ɗumi, na ƙara tsamiya. Sau uku ina haka. Ban ja ba, don zif ba ya son ƙarfi, girgiza shi nake dama da hagu kamar haƙorin yaro mai shirin fita. A karo na huɗu na ji ya yi ƙas, ya sauko da haƙori ɗaya. Na mayar da shi sama, na sauko da biyu. Na mayar, na sauko da biyar. Sannan ya tafi zuruuu har ƙasa.

Na rangaɗa guɗa a tsakar gidan mutane. Maman Afi ta kama ni muka yi ta juyi, ita da warin kifinta ni da tsamiya har gwiwar hannu, ƴan haya suka fito suna tambayar wa ya haihu. Na ɗauki bido guda cur na juye wa rigar nan, kuma ko a jikina. Sannan na bi haƙoran da kyandir sama da ƙasa.

Takwas da rabi muka hau kabu-kabu biyu. A ƙofar tashar jiragen ya shiga wani lungu ya sa rigar, ya fito ya juya mini baya, don igiyar da zai ja da kansa ta tsinke.

"Yaya, ja."

Na ja har wuya. Na dafa bayansa na yi masa addu'a. Ba a barin baƙo ya wuce ƙofar, sai na zauna a gindin katanga har azahar, ban iya cin komai ba. Da ya fito kansa a jiƙe yake, da takarda a hannu, yana ta ƙoƙarin haɗe fuska irin ta manya amma bakin ya ƙi rufuwa. Tun daga nesa na gane.

Dawowa ba ta da labari mai yawa. Maman Afi ta cika mini leda da bandar kifi, duk motar da na shiga sai an tambayi mai kifi. Kwale-kwale na shige shi ido buɗe. Amma tun daga Bande nake ta shirya abin da zan faɗa, don ban gaya wa Inna komai a salula ba, na ce sai na zo.

Na same ta zaune a ƙofar ɗaki. Ta dubi bayana kafin ta dube ni. Na durƙusa na gaya mata duka, har da ruwan da na yi wa rowa, har da tsamiyarta, har da cewa ni na rufe masa rigar da hannuna. Da na gama ta tashi ta shiga ɗakin da ta share masa, na ji tana naɗe sabuwar tabarma. Ta jima a ciki. Da ta fito ta zauna, ta gyara mayafi, ta ce, "Kin dai ja masa shi har wuya ko? Kada ruwa ya shigar masa."

Na ce, "Har wuya, Inna."

Lawali ya gaya mini ruwa na shiga rigar ko an ja ko ba a ja ba, haka aka yi ta. Wannan kaɗai ne ban faɗa mata ba.